Rumbun da Kalilu Ya Liƙe

Isa, 6 ga Satumba

Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Binta da yara. Mu nan lafiya, gwargwadon yadda ake lafiya bana. Ruwa ya ɗauke tun tsakiyar Agusta, gero na cikin fitar da kai, ya tsaya a nan. Inna na fama da ƙafa. Gwaggo Saude tana Turba, kullum sai ta ce a gaishe ka in an gan ka. Jiya na aika mata cewa an gan ka.

Ni ce Zulaihatu ta Almu, jikar Bawa, wan kakanka. Na yi wannan bayani ne saboda jiya a taron bidiyo, da shugabar sashenku ta gabatar da ni a matsayin wadda za ta karɓi aikinka, ka dubi sunana ka ce da Turanci ka yi farin cikin sanina. Ni ma na yi farin cikin saninka. Rabona da kai tun ranar da ka zo Turba bankwana, ka ba babana shawara a nema mini aikin jinya, don karatun kwamfuta yana busar da kan mace.

Ba ni na zaɓi aikinka ba. Kamfaninku ya lura abin da yake biyan mutum ɗaya a Leeds ya ishi mutum shida a Najeriya, sai ya ba kamfaninmu na Legas kwangilar manhajar nan taku mai tsara kai magani gidajen tsofaffi. Mutanen Legas suka buɗe ta, suka tarar sunayen sassanta da duk bayanan gefe da Hausa ka rubuta su. Suka sa na'urar fassara, ta shaida musu cewa sashe ɗaya jaki ne, ɗaya rijiya, ɗaya kuma tsohuwa. A nan ne ogana ya tuna yana da Bahaushiya guda da ke aiki daga wani gari da bai iya faɗin sunansa ba.

Na karanta, kuma na ji daɗi. Sashen da ka kira Gwaggo Saude shi ke fara tashi ya tayar da sauran. Rijiyar Tsamaye wurin layi ne, kowa ya jira nasa. Jakin Ibrahima ya fi ba ni dariya. Bature zai shekara bai gane ba, amma duk wanda ya tashi a Turba ya san jakin nan in ya toge a hanyar Alkalawa, sai an ja shi baya taku uku kafin ya yarda ya ci gaba. Na duba, haka ne: in ya tsaya, sau uku ake sake tayar da shi.

Saura ɗaya, wanda ka kira Rumbun Iri. Duk sassan suna bi ta cikinsa, bayanin gefe kuwa kalma uku ne: kada a buɗe. An ce in rubuta jadawalin miƙa aiki kafin ƙarshen Oktoba, don haka za ni buƙaci bayaninka a kansa. Na rubuto ta adireshinka na gida don akwatin ofis ba mu kaɗai ke karanta shi ba.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Leeds, 9 ga Satumba

Zulaihatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ba Inna Bilki sauƙi, ya kawo ruwa.

Na gane ki tun kafin ki buɗe baki. Goshin gidan Bawa ba ya ɓoyuwa. Me kike so in yi? In ce wa shugabata ga ƙanwata ta zo ta cire ni daga kujera, a tafa mana?

Shekara huɗu da rabi na yi ina gina manhajar nan, kusan ni kaɗai. Akwai tsofaffi dubbai da maganinsu ke isa kan lokaci saboda ni. Yanzu an ce in zauna in koya wa mutum shida da ban taɓa gani ba, waɗanda suka yarda su yi aikina a kan abin da bai kai kuɗin motar da nake shiga ofis ba. Kuna ganin kun samu. Ba ku san kuna karya darajar sana'ar ba ne gaba ɗaya, taku da tamu. Ranar da aka sami wanda ya fi ku araha, ko taron bidiyo ba za a yi muku ba.

Sunayen da kike wa dariya, kewar gida ce ta sa na sa su. Mutum na zaune cikin sanyi, ba mai jin harshensa, ya sa wa aikinsa sunan gwaggonsa, wannan ba laifi ba ne.

Maganar Rumbun Iri kuwa, ke 'yar gida ce, kin san ƙa'ida. Wanda ya liƙe rumbu, ya danna tafin hannunsa a kan laka, shi ke buɗe shi, ranar ruwan shuka. Ki tsaya inda aka tsayar da ke.

Yayanki,
Kalilu Labbo

Isa, 14 ga Satumba

Yaya Injiniya,

Gaisuwa mai yawa. Ƙafar Inna da sauƙi. Ruwa bai dawo ba. An yi roƙon ruwa ranar Juma'a, hadari ya haɗu ta gabas, ya dube mu, ya wuce. A Turba an fara yanke karan gero ana ba dabbobi, tunda ba abin da za a jira.

Na karanta maganar kewar gida. Ta taɓa ni. Gwaggo Saude na da waya shekara shida ke nan, lambarta ba ta canja ba. Ka kira sunanta sau ɗari biyu da sha ɗaya a cikin manhajar, na ƙirga. A wayar kuwa, ba ta ce ka kira ta ko sau ɗaya ba. Ni abin da na gani mutum ne da ya rubuta aikin Turawa da harshen da ya tabbata ba Baturen da zai karanta, don ranar da za a so korarsa a rasa yadda za a yi. Dabara ce mai kyau. Kuskurenka ɗaya, ka ɗauka duk masu jin wannan harshe suna gona.

Batun karya darajar sana'a, na yarda da kai. Sai dai albashin da kake rainawa shi ne hatsin gida uku bana: namu, na Gwaggo, da na Ibrahima mai jakin. In akwai wata daraja da ake dafawa, ka aiko da ita.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan Labbo ne ke koya wa jikar Bawa ƙa'idar rumbun iri. A farin shekarar tamanin da huɗu kakana ya liƙe rumbun irin gidanmu da hannunsa. Babanka ya ɗauki gatari da rana tsaka, gaban mutane, ya fasa shi. Sati bai zagayo ba ya kwashe ku zuwa Sakkwato. Da ruwa ya sauka, babana da ƙafa ya je Tsamaye roƙon iri, gida gida. Ba a haife ni ba lokacin, amma da wannan labari aka yaye ni. Ku kuka yi boko da wuri, mu muka yi a makare, kowa ya san da me aka sayi tikitin mota.

Na gama rubuta bayanin sassa uku da Turanci mai sauƙi. Saura naka rumbun. In ba ka buɗe ba, za ni buɗe da kaina. Mun ga yadda ake yi.

Zulaihatu

Leeds, 21 ga Satumba

Zulaihatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Mu lafiya, sai Binta da ba ta cin abinci sosai kwanan nan.

Na rubuta wasiƙa biyu na goge. Wannan ta uku za ni aika ko yaya ta fito.

Takardar zamana a ƙasar nan a jikin aikin nan take. Sai na cika shekara biyar cif ina aiki kafin in nemi ta dindindin, kuma ranar ita ce 20 ga Afrilu. Wata bakwai. Kamfani ya ce zai riƙe ni har a gama miƙa aiki, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. In aka gama a Disamba yadda oganki ke so, kwana sittin za a ba ni in sami wani kamfanin da zai tsaya mini, a lokacin da kowane kamfani ke aika aikinsa waje. Mun kasance goma sha ɗaya a sashenmu. Saura ni da wani, shi kuma ɗan ƙasa ne. In ban samu ba, shekara biyar ta tashi a banza, mu tattara yara uku da ba su san ko'ina ba sai nan.

Ga abin da nake roƙo. Ki ce musu kin duba Rumbun Iri ba ki gane ba. Ki ce Hausar ta yi miki zurfi, ko aikin ya fi ƙarfinku, duk wanda ya fi miki sauƙi. Za su yarda, da ma abin da suke tsammani ke nan daga gare ku. Ban taɓa roƙon kowa a gidan Bawa ba. Yau na roƙa.

Maganar babana, ba za ni yi gardama da ke ba. Ina da shekara shida, ina tsaye a wurin. Inna Bilki na amarya lokacin, ita ma tana wurin. Ki tambaye ta abin da ya tarar a ciki.

Kalilu

Leeds, 10 ga Oktoba

Zulaihatu,

Ina fata kuna lafiya.

Kwana goma sha tara. Na gane amsar. A taron jiya oganki ya ce kina aiki a kan sashe na ƙarshe, yana murmushi. Da kin ce mini a'a da bakinki, da na fi ganin girmanki. Na buɗe miki cikina, kin karanta, kin ajiye, wataƙila kin karanta wa mutanen gida an yi dariya. Na janye roƙona. Ki yi abin da aka saye ki ki yi.

Kalilu

Sabon Birni, 19 ga Oktoba

Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka gaishe da Binta, ka ce ta ci abinci. An yi girbi a Turba, in za a kira shi girbi. Gonar da ke ba da dami tamanin ta ba da tara.

Wasiƙunka biyu tare suka iso, shekaranjiya, don haka na sami roƙon da janyewarsa a zama ɗaya. Hakan ya rage mini wahala. An yanke layin waya a duk yankinmu tun 20 ga Satumba saboda rashin tsaro. Na san labarin bai kai Leeds ba. Sati uku na yi a Isa ba ni jin kowa, saƙo ɗaya na samu na aika wa ogana ta hannun direban Sakkwato. Da na ga aikina zai tafi, na biyo ayarin ranar kasuwa zuwa nan, hanyar da ba mai binta don nishaɗi. Ina gidan wata ƙawar Inna. In na hau soro da layin Nijar, na fuskanci arewa, rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa sanda biyu. Daga nan ake kula da maganin tsofaffin Ingila yanzu, tsakanin shanyar kuɓewa da tantabaru.

Ka ce in ce musu aikin ya fi ƙarfina. Shekara biyar na yi a jami'a ina jin wannan magana daga bakin wasu, kai ka fara. Ba za ni faɗe ta da bakina ba, ko don wa.

Kuma ka makara. Sati ukun nan ba waya, ba taro, sai ni da kwamfuta da sola da kwafin manhajarka. Na buɗe Rumbun Iri. Kwana huɗu ya ɗauke ni, uku daga ciki wajen kwance abin da ka nannaɗe shi da shi: wannan ya kira wancan, wancan ya kira na uku, na uku ya dawo ya kira na farko. Da na kai ciki na tarar da layi arba'in da ɗaya. Jerin ranakun hutu ne, da umarnin a kai magani kwana ɗaya kafin kowanne. Ɗalibin shekarar farko zai rubuta shi kafin shayinsa ya huce. Shekara huɗu manyan injiniyoyi na kewaya shi a kan yatsun ƙafa. Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba.

Da wasiƙarka ta zo na tambayi Inna, don tare muka zo. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce wa ya tayar da wannan magana. Na ce ɗan Labbo. Sai ta ce ba kome a cikin rumbun. Ƙaiƙayi ne da kara. An cinye irin tun kafin azumi, kakana ya liƙe shi a haka, ya danna hannunsa.

Na ce to ba wanda ya sani?

Ta ce, "Duk matan gidan mun sani. Kaji ba su zuwa ƙarƙashinsa."

Ta ce muddin rumbu na liƙe, gida na tsaye. Samari ba su watse ba, maƙwabta na gaishe da Bawa a matsayin mai iri, shi ma yana fita ƙofar gida ya zauna. Babanka yaro ne mai zafin kai, yana ganin yara na kwana da yunwa ga hatsi a rufe, ya fasa. Kafin la'asar an fara aiko wa gidan Bawa sadaka a ƙwarya. Kakana bai sake zama a ƙofar gida ba har ya rasu. Babanka bai ɗauki ko zangarniya ba, kunya ce ta kore shi. Mu kuma aka gaya mana sata ya yi, don ya fi sauƙin faɗa wa yara.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gyara labarin ba. Ta ce ba wanda ya tambaye ta, kuma ko yanzu ba ta ce Labbo ya kyauta ba. Ta ce gaskiya ya gano, amma ba shi ya danna hannu ba.

Don haka na janye maganar tikitin mota. Ita kaɗai na janye.

Jadawali zai fita ranar Litinin. Za ka gan shi tare da kowa.

Zulaihatu

Leeds, 26 ga Oktoba

Zulaihatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban san an yanke muku waya ba. Wasiƙata ta 10 ga wata, ki ɗauka ban rubuta ba.

Na ga jadawalin. Sassa uku kafin Disamba, gwaji har Maris, Rumbun Iri a watan Mayu, kuma kin rubuta wanda ya gina shi ne zai jagoranci buɗe shi. Shugabata ta ce tsari ne na hankali. Oganki bai yi murmushi ba.

Na karanta shi sau da yawa ina neman tarkon. Kin san abin da ke ciki. Me kike so a wurina?

Kalilu

Sabon Birni, 30 ga Oktoba

Yaya Kalilu,

Lafiya lau muke. Inna ta koma Isa, ni ina nan kan soro har a maido da waya. An fara sayar da shanu a kasuwar nan a kan abin da bara ake sayen tunkiya.

Wasiƙarka ta 10 ga wata tana nan, na adana ta. Ita ce wadda ta fi kama da kai.

Ba tarko. Ban kuma yi maka ƙarya ba. A sana'armu sashen da kowa ke tsoro shi ake bari ƙarshe, bayan an gwada sauran. Haka aka koya mini, haka na rubuta. Ogana ya kira ni ya yi faɗa na rabin awa, rezo ya taimake ni ya yanke sau biyu. Amma ka sani, ranar da wani ya dube ni ya tambaye ni ko na ga cikin rumbun, za ni ce na gani, layi arba'in da ɗaya ne. Zuwa yanzu ba wanda ya tambaya. Ba su saba tambayar mutanen Isa abin da suka gani ba. A kan wannan kake tsaye har Afrilu, ba a kan kirkina ba, don haka ka ci gaba da neman wani aikin.

Kada ka gode mini. Ba don kai na yi ba. Na riga na ɗaga gatarin, sai na ga ba ni son a ce gidan Bawa ma ya iya.

Maganarka ta farko ta fara tabbata, za ka ji daɗi. An ce wani kamfani a wata ƙasa ya kai wa naku tayi, inda muke mu shida su za su sa tara a kan kuɗi ɗaya. Bayanan da na rubuta da Turanci mai sauƙi za su yi musu amfani ƙwarai. Na yi tunanin in bi hanyarka, in cika aikina da jakuna da rijiyoyi, na ga ba ni da haƙurin gadin rumbun da ba kome a ciki.

Na gaya wa Gwaggo Saude cewa ita ke tayar da tsofaffin Ingila kowace safiya su sha magani. Ta ce madalla, Allah ya ba su lafiya, shi kuma Kalilu wa ke tayar da shi? Lambarta na ƙasan wannan takarda. In an maido da waya ka kira ta da safe, ka san ta riga kowa tashi.

Suna ɗaya kawai na sa da Hausa a duk aikina. Akwai wata 'yar gada da na rubuta, mai haɗa tsohuwar manhaja da sabuwa kafin a gama ƙaura. Na kira ta Kalilu. Mutanen Legas sun tambaye ni ma'anarsa, na ce su karanta bayanin gefe, da Turanci yake: yana aiki, kada a taɓa shi, a cire shi a watan Mayu.

Ƙanwarka,
Zulaihatu Almu Bawa